Kallon wasan ƙarshe na NCAA a CBS, TBS da March Madness Live: hoto garau, amma ba ya raba gardama

Duk shekara, a daren wata Litinin ta farkon Afrilu, ana tashi daga wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, wanda hukumar wasanninsu NCAA ke shiryawa, da gardama iri biyu. Wasu su ce alƙalan wasa ne suka ɗauki kofi suka miƙa wa wancan ɓangaren, wasu su ce a'a, kocinku ne ya zubar da wasan da hannunsa. Kusan duk masu wannan ja-in-ja ba sa cikin filin. Abin da tashar talabijin ta nuna musu shi suka gani, shi ne kuma hujjarsu. Don haka muka auna wannan hidima ta CBS da abokan hulɗarta da ma'auni ɗaya: idan aka busa usur ɗin ƙarshe, shin mai kallo ya samu abin da zai yanke hukunci da shi, ko an dai ba shi abin da zai ƙara hura wutar musu?

Tun 2011 CBS da kamfanin Turner, mai tashoshin TBS, TNT da truTV, suke raba wasannin gasar maza, wadda a shekarar ta koma ƙungiyoyi 68. Yarjejeniyar farko ta shekara 14 ce a kan dala biliyan 10.8, a 2016 aka ƙara mata shekara 8 a kan dala biliyan 8.8, wadda za ta kai 2032. Abin da ya shafi mai kallo kai tsaye shi ne, daga 2016 wasan ƙarshe karɓa-karɓa ake yi: shekarun da lambarsu ta ƙare da mara, kamar 2023 da 2025, na CBS ne, masu cika kamar 2022 da 2024 kuma na TBS. Wanda ke Amurka yana iya kama CBS kyauta da eriya, ko ya biya kuɗin kallo ta intanet a Paramount+. TBS kuwa sai da kuɗin kebul ko HBO Max. A duka biyun a duba tsarin biyan kuɗin kafin ranar wasa, domin ba kowane mataki ba ne ya haɗa da wasanni kai tsaye. Manhajar March Madness Live tana haɗa komai wuri ɗaya, amma wasannin Turner sai ka shiga da bayanan kamfanin da kake biyan kuɗin talabijin, bayan ɗan lokacin ɗanɗano da sukan bayar. A wajen Amurka manhajar a rufe take, haƙƙin nunawa yana hannun wasu tashoshi.

Ta fuskar hoto babu abin kushewa. Ana wasan ne a filayen ƙwallon Amurka masu rufi da ke ɗaukar mutum kusan dubu 70, an ɗaga dandamalin wasan sama da ƙasa, kyamarori sun kewaye shi: a saman allon kwando, a ƙasansa, a kusurwoyi, da wadda ke yawo a kan igiya. Matsala ta farko ita ce jinkiri. Mai kallo ta intanet yakan kasance a bayan mai kallo ta eriya da daƙiƙa 20 zuwa minti guda, wani lokaci fiye. A minti biyun ƙarshe wannan tazara ta isa a ci kwando, a busa ƙeta, a fara zagin alƙali a dandalin sada zumunta, kai kuma har yanzu ana shigo da ƙwallo a allonka. Maganinsa mai sauƙi ne: a kashe sanarwar sakamako ta manhajar, a kifa wayar. Abu na biyu, agogon da tasha ke rubutawa a ƙasan allo ba shi ne na hukuma ba. Idan ana gardamar ko ƙwallo ta bar hannu kafin lokaci ya cika, a dubi agogon da ke saman allon kwando da jar fitilar da ke kewaye da shi. A dokar NCAA, idan saura kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, ɗan wasa ba zai cafke ƙwallo ya jefa ba, sai dai ya ɗan doke ta ta faɗa. Tashar takan nuna hoton da ya haɗa hannu da fitila a lokaci guda, kuma a nan ta cika aikinta.

Inda ta fi ƙwarewa, a nan kuma ta fi rikita mutane, wato maimaita hoto a hankali. A wasan ƙarshe na 2019 a Minneapolis, Virginia na gaban Texas Tech da 75 da 73 a ƙarin lokaci, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Davide Moretti na Texas Tech ya taho da ƙwallo a guje, De'Andre Hunter na Virginia ya make ta daga hannunsa ta fita waje. Alƙali ya ba Texas Tech, kamar yadda duk wanda ya taɓa wasa zai bayar: wanda ya make shi ya fitar. Aka je allon gefen fili, inda alƙalai ke sake duba bidiyo, aka rage gudun hoton, aka ga ƙwallon ta goga ƙaramin yatsan Moretti a kan hanyarta ta fita. Aka juya hukunci, Virginia ta ci 85 da 77. A bisa harafin doka hukuncin daidai ne, domin wanda ya taɓa ƙarshe shi ya fitar. Amma kusan duk ƙwallon da aka make daga hannun mutum sai ta goga yatsansa kafin ta tafi, kuma a wancan lokacin ba wanda ke dubawa sai a minti biyun ƙarshe. Ke nan a lokacin doka ɗaya ce a minti 38 na farko, wata daban a minti biyun ƙarshe. Tashar ta nuna yatsan sau da yawa daga kusurwa daban-daban, ta tabbatar wa kowa cewa an taɓa, amma tambayar da ke cin magoya bayan Texas Tech ba wannan ba ce.

Shekara huɗu kafin nan an ga akasin haka. A Indianapolis a 2015, Duke ta ci Wisconsin 68 da 63. Saura ƙasa da minti biyu ƙwallo ta fita, aka ba Duke, aka je aka duba, aka bar hukuncin yadda yake. Masu kallo a gida kuwa sun ga wani hoto da ya nuna kamar yatsan Justise Winslow na Duke ne ya taɓa ƙarshe. Bayan wasan aka shiga ce-ce-ku-ce kan ko alƙalan sun ga wannan kusurwar kafin su yanke hukunci. Wannan gibi har yanzu yana nan: yayin da alƙalai ke duƙe a kan allonsu, tashar tana nuna nata zaɓaɓɓun hotuna, ba ta gaya wa mai kallo wanne alƙalan ke kallo a wannan lokacin ba. Ana kuma mantawa da ma'aunin juya hukunci. Ba a juyawa don hoton ya fi karkata wancan gefe, sai hujjar ta zama wadda ba ta da ja. Masu sharhi kan faɗi wannan a gurguje sau ɗaya, su koma cewa "a ganina tasa ce", mai kallo ya ɗauki ganin nasu a matsayin hukunci.

Akwai wata illa ta rage gudun hoto da ba a cika faɗa ba. Yana da amfani a kan tambayar e ko a'a: ƙafa ta taka layi, ƙwallo ta fara gangarowa kafin a taɓa ta, mai tsaro yana cikin da'irar ƙafa 4 da ke ƙarƙashin kwando ko yana wajenta. Amma a kan haɗuwar jiki yana yin ƙarya. Taɓawar da ba ta hana komai ba takan zama kamar duka, kuma duk motsi yakan yi kama da na ganganci. Alƙali kuwa abin da aka koya masa ya duba shi ne ko taɓawar ta karya gudu, daidaito ko saurin ɗan wasan. Wannan ba a ganinsa sai a gudun gaske. Tashar takan nuna abu sau huɗu a hankali, sau ɗaya ko babu a gudunsa. Mai son adalci ya mayar da hoton baya ya kalli abin yadda ya faru, sau biyu, kafin ya kalli na hankali.

Sai Gene Steratore, wanda CBS ta ɗauka a 2018 a matsayin mai bayanin doka. Tsohon alƙalin NFL ne, babbar gasar ƙwallon Amurka, da ya yi alƙalancin wasanta na ƙarshe, Super Bowl, kuma ya daɗe yana busa wasannin kwandon jami'o'i. Shi ne mafi amfanin abin da aka ƙara wa shirin. Darajarsa ta fito fili a wasan kusa da na ƙarshe na 2019 tsakanin Virginia da Auburn. Kowa ya tsaya kan ƙetar da aka busa wa Samir Doughty na Auburn saura kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa, wadda ta ba Kyle Guy na Virginia jifan kyauta uku, ya ci duka, Virginia ta wuce da 63 da 62. Steratore ya ce wannan ƙeta ce, domin mai tsaro bai bar wa mai jifa wurin sauka ba. Sannan ya nuna abin da ya kuɓuce wa alƙalai 'yan daƙiƙoƙi kafin nan: ƙwallo ta bugi ƙafar Ty Jerome na Virginia, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya sake fara buga ta ƙasa, laifin da ya kamata ya mayar da ƙwallo ga Auburn. Irin wannan ake nema, a ce wancan daidai ne, wannan kuskure ne, ga dalili.

Iyakarsa ita ce ba a kiransa sai an je allon gefen fili ko an yi wani abu mai ƙara. Babbar gardamar wasannin ƙarshe kuwa ba a kan busa ɗaya take ba, a kan salon busar ne gaba ɗaya. Dubi 2017 a Glendale, inda North Carolina ta ci Gonzaga 71 da 65. An busa ƙeta 44, kowane ɓangare 22, mafi yawansu bayan hutun rabin lokaci. A wasan maza rabi biyu ake yi na minti 20, ɗan wasa yana fita a ƙeta ta 5. Idan ƙungiya ta kai ƙeta 7 a rabi ɗaya, abokiyar karawarta ta shiga garaɓasa: jifan kyauta ɗaya, in ka ci a ba ka na biyu. A ta 10 kuma jifa biyu ne kai tsaye. Idan usur ya yi zafi a farkon rabi na biyu, duka ƙungiyoyin sukan shiga garaɓasa da sauran fiye da minti goma, wasan ya koma tattaki daga wannan layin jifa zuwa wancan. Haka aka yi a daren. Manyan 'yan wasan ƙarƙashin kwando suka cika da ƙeta, Zach Collins na Gonzaga ya fita saura kimanin minti 5. Ga kuma abin haushi: duk da wannan yawan busa, wadda ta fi muhimmanci ba a yi ta ba. Saura ƙasa da minti guda, North Carolina na gaba da maki ɗaya, aka yi kokawar ƙwallo a ƙasa, aka ce an riƙe tare, kibiyar karɓa-karɓa, wadda ke nuna layin wa ne ya karɓi ƙwallo a irin wannan hali, ta ba North Carolina. Hoto ya nuna hannun Kennedy Meeks na North Carolina yana wajen layi yana kuma taɓa ƙwallon. Daga nan Isaiah Hicks ya ci kwandon da ya mayar da tazarar maki uku.

Me tashar ta ba mai kallo don ya auna irin wannan dare? Adadin ƙetar ƙungiya a ƙasan allo, da alamar garaɓasa. Shi ke nan. Ba a nuna wane alƙali ne ya busa nawa, ba a jera taɓawa iri ɗaya daga kwanduna biyu a gefe da gefe don a ga ko ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi. Kayan aikin suna nan, lokacin ma yana nan, domin ana tsayawa talla sau huɗu a kowane rabi, idan agogo ya sauka ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4, kuma hutun rabin lokaci a wannan gasa minti 20 ne maimakon 15. Ba a dai so ne. Ba abin mamaki ba ne, wanda ya zuba biliyoyin daloli a gasa ba zai tsaya yana tona mata asiri a daren da ta fi kasuwa ba.

Kuma ba laifin tasha kaɗai ba ne. NBA, gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, tana fitar da rahoton minti biyun ƙarshe na wasannin da suka yi kusa tun 2015, tana faɗin busar da ta yi daidai da wadda ba ta yi ba. NCAA ba ta da irin wannan a bainar jama'a. Abin da ake samu shi ne ɗan jarida ɗaya a madadin sauran ya karɓo bayanin fassarar doka, ba bayanin dalilin hukuncin ido ba. Haka aka yi a wasan ƙarshe na mata na 2023 a Dallas, wanda ABC ta nuna, inda LSU ta ci Iowa 102 da 85 aka kuma busa ƙeta 37. An ba Caitlin Clark ta Iowa laifin ɓata lokaci a zango na uku don ta wurga ƙwallo gefe bayan an busa, ya zama ƙetarta ta huɗu. Bayanin da aka fitar shi ne an riga an gargaɗi Iowa sau ɗaya a kan ɓata lokaci, na biyu kuwa hukunci ne. Masu kallo da yawa ba su san da gargaɗin farko ba, ga shi kuma suna ganin Kim Mulkey, kocin LSU, tana shiga cikin fili ba a ce mata komai ba. Gargaɗi irin wannan ya kamata ya fito a allo ya zauna, kamar yadda adadin ƙeta ke zama. Babu tashar da ke yin haka, ta maza ko ta mata.

Wani abu da kyamarar tsakiya ke ɓoyewa shi ne inda alƙalan suke tsaye. Su uku ne: ɗaya a bayan layin ƙarshe ƙarƙashin kwando, ɗaya a gefe daidai layin jifan kyauta, ɗaya a baya wajen layin maki uku a ɗaya gefen. Kowa da yankinsa, kuma suna juyawa idan ƙwallo ta sauya gefe. Kai kana kallo daga sama, shi yana kallo ta tsakanin jikkunan mutane masu tsawon kusan ƙafa 7. Idan aka yi busa mai shakku, abu na farko da za a duba shi ne wa ya busa. In wanda abin ya faru a gabansa ya yi shiru, na nesa ya busa, zargi yana da tushe. Misalin da magoya bayan Michigan ba sa mantawa shi ne 2013, lokacin da ɗan wasansu Trey Burke ya tashi ya tare ƙwallon Peyton Siva na Louisville a sama, hoto ya nuna ƙwallo ya taɓa, aka ce ƙeta ce. Louisville ta ci 82 da 76, kofin da NCAA ta soke daga baya saboda wasu laifuka na daban. Irin wannan busa ba ta cikin abin da ake komawa a duba, don haka maimaicin tashar bai ƙara komai ba sai takaici.

A ɓangaren koci hidimar ta fi rauni. Cikin masu sharhi, Ian Eagle, wanda ya gaji Jim Nantz daga 2024, yana bin wasa da kaifi, Bill Raftery da Grant Hill sun san abin da suke gani, Tracy Wolfson kuma takan kawo abin da aka faɗa a da'irar hutu. Amma kyamara ƙwallo take bi, aikin koci kuwa yawancinsa yana inda ƙwallo ba ta. A 2024 Zach Edey na Purdue ya ci maki 37, wanda ya dubi wannan adadi kaɗai zai ce UConn ta kasa tsare shi. Alhali shirin Dan Hurley, kocin UConn, ke nan: a bar mutum ɗaya da Edey, kada kowa ya baro nasa ya zo taimako, a toshe masu jifan nesa. Purdue, wadda ke cikin mafi iya jifan maki uku a kakar, ta gwada 7 kawai ta ci 1, UConn ta ci 75 da 60. Don ganin wannan sai an kalli mutum huɗun da ba sa kusa da ƙwallo, kuma kusurwar da ke nuna duka goma daga saman kwando ba a cika dawo da ita ba sai na 'yan daƙiƙoƙi.

Hukunce-hukuncen koci da ake musu a kansu ba su da yawa, kusan su ne dai kowace shekara, shi ya sa rashin shirin tashar ke ba da mamaki. Na farko, kana gaba da maki uku saura 'yan daƙiƙoƙi, ka yi ƙeta da gangan ko ka tsare? A 2008 a San Antonio, Memphis na gaban Kansas da maki 9 saura minti 2 da daƙiƙa 12. Ta zubar da jifan kyauta 4 cikin 5 na ƙarshe, Mario Chalmers na Kansas ya ci mai maki uku da ya kawo kunnen doki saura daƙiƙa 2.1, Kansas ta ci 75 da 68 a ƙarin lokaci. John Calipari, kocin Memphis a lokacin, ya ce sun yi niyyar yin ƙetar, ba su samu mutumin ba ne. Lissafin yana da sassa: saura daƙiƙa nawa, ƙetar ƙungiya nawa, wa ke iya cafke ƙwallo idan aka zubar da jifa na biyu da gangan, ga haɗarin taɓa mutum yana cikin jifa a ba shi uku. Yawanci ana son a yi ta idan agogo ya sauka kusan daƙiƙa 5 zuwa 6, mai ƙwallo yana buga ta ƙasa, bai kai ga ɗaga ta ba. Ana iya bayyana wannan a hutun daƙiƙa 30, amma sau da yawa talla ce ke cinye hutun.

Na biyu, zaunar da tauraro idan ya yi ƙeta biyu a rabin farko. John Beilein, kocin Michigan a lokacin, ya yi wa Burke haka a 2013, Spike Albrecht ya shigo ya ci maki 17 kafin hutu, don haka masu goyon bayan tsarin suna da abin nunawa. Masu suka kuma su ce koci ya fitar da ɗan wasansa da kansa don tsoron kada alƙali ya fitar da shi. Shafin KenPom, na ƙididdigar kwandon jami'o'i, yana da ƙididdigar yadda kowace ƙungiya ke barin mai ƙeta biyu a fili, wadda ke nuna ɗabi'ar koci tun kafin wasa. Manhajar hukuma ba ta da wannan. Abin da take da shi teburin maki ne, jerin abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, da gajerun bidiyo na kwanduna masu kyau. Jerin nan shi ne mafi amfani ga mai gardama, domin da shi za a ƙirga lokacin da kowace ƙungiya ta shiga garaɓasa da minti nawa tauraro ya yi a benci. Gajerun bidiyon kuwa na murna ne, da wuya ka samu busar da ake rigima a kanta a cikinsu.

Na uku, hutun da koci ke nema. Kowace ƙungiya tana da huɗu, kuma ɗaya yana ƙonewa idan ba a yi amfani da shi a rabin farko ba. A wasan maza na jami'a, neman hutu ba ya matsar da ƙwallo zuwa tsakiyar fili kamar a NBA. Don haka masu ihun "me ya hana shi neman hutu" sukan manta cewa hutun yana ba masu tsaro damar shiryawa, ba tare da ya rage wa masu kai hari ko taku ɗaya ba. A nan tashar ta kyauta, adadin hutun da ya rage yana kan allo koyaushe. Wanda ya san abin da ya faru da Chris Webber a 1993, da ya nemi hutun da Michigan ba ta da shi saura daƙiƙa 11, ya san darajar waɗannan 'yan ɗigo.

Wasan 2025 a San Antonio ya haɗa duka. Houston ta yi gaba da maki 12 a rabi na biyu, Florida ta dawo ta ci 65 da 63. A hari na ƙarshe, saura ƙasa da daƙiƙa 20, Emanuel Sharp na Houston ya tashi zai jefa mai maki uku, Walter Clayton Jr. na Florida ya rufo shi, Sharp ya saki ƙwallon ƙasa. Da ya sauko da ita a hannu, ko ya fara taɓa ta bayan ya sake ta, laifin taku ne. Sai ya tsaya yana kallonta, Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya cika, Houston ba ta ko jefa ba. An yi ta zargin Kelvin Sampson, kocin Houston, da rashin tsara harin, wasu kuma na zargin yaron. Bayanin dokar ya zo, amma hoton sama da zai nuna inda sauran 'yan Houston huɗu suke, da ko akwai hanya ta biyu a tsarin, ya nitse cikin hotunan murna da takardun da ke zubowa daga rufi. Wanda ke son amsar sai ya jira cikakken bidiyon wasan, wanda NCAA kan ɗora da yawansu a shafinta na YouTube.

Daga kakar 2025 zuwa 2026 an kawo sauyin da ya haɗa gardamar biyu wuri ɗaya. Koci yana iya ƙalubalantar hukunci a kan fitar ƙwallo waje, taɓa ƙwallo tana gangarowa kwando, da tsayuwar mai tsaro a cikin da'irar ƙarƙashin kwando. Dole yana da hutu a hannu. In ya yi nasara a ba shi dama ɗaya kuma, in ya faɗi shi ke nan har ƙarshen wasa. Fitar ƙwallo waje kuma ba a duba ta sai koci ya nema. Ma'ana, abu irin na Moretti yanzu ya rataya ne a kan ko koci ya adana damarsa. Duk shirin da bai nuna a allo ko ƙalubalen kowace ƙungiya yana nan ko ya ƙone ba, ya bar mai kallo cikin duhu a daidai lokacin da ya fi buƙatar sani.

Ga wanda ke son kallon wasa kawai, shekarar CBS eriya ta wadatar, ta ma fi intanet sauri. Shekarar TBS, wata ɗaya na HBO Max ya fi araha a kan ɗaukar kebul, a kuma tuna a soke shi bayan gasa. Ga wanda ke shiga musu washegari, shirin shi kaɗai bai isa ba. A haɗa shi da na'ura ko tsarin da ke ba da damar mayar da hoto baya, a buɗe jerin abin da ya faru a waya ta biyu, a sauke littafin dokokin NCAA wanda ake samu kyauta a shafinta, a karanta sashen tare hanya da bangaza. An sauya wannan a 2023: yanzu mai tsaro sai ya kafa ƙafafunsa kafin mai hari ya dasa ƙafar da zai tashi da ita, ba kafin ya bar ƙasa ba kamar da. Rabin masu cewa "ai bangaza ce" da tsohuwar dokar suke magana.